Furen Tekun da Ya Ƙi Zama

Chumbageni, Tanga
Laraba, 9 ga Janairu

Zuwa ga amaryata Mwantumu,

Yau Laraba na tashi da sauƙi. Gwiwar hagu ta bar ni na yi sallar asuba a tsaye, tarin kuma ya ragu tun da na daina shan ruwan sanyi. Numfashi ne dai har yanzu ba ya kai ni bakin titi sai na tsaya na huta. Ina fata kina lafiya, ke da aikin asibitin, da mutanen Uvinza waɗanda ban sani ba amma nake gaishe su saboda ke.

Maƙwabciyata Bi Tatu ta ga ina neman ambulan, ta tambaye ni wace ce wannan da nake ƙarar wa tawada. Na ce jikar wan marigayiya matata ce. Ta bi dangantakar da yatsu, ta ce wannan ai ko gado ba ya kaiwa can. Na ce mata gado bai kai ba, amma wasiƙa tana kaiwa.

To ga labari. Kin tuna akwatin gilashin nan na falo, da kifayen nan biyu masu launin ruwan lemo da farar ɗamara, waɗanda kika ce suna iyo kamar sun sha wani abu? A teku irinsu ba sa zama a fili. Suna da gida, wata halitta da nake kira furen teku. In kin gan shi za ki rantse fure ne, ga yatsu masu laushi birjik suna kaɗawa, amma dabba ne. Yana da baki a tsakiya, da ƙafa guda mai faɗi da yake manna wa dutse. Yatsun suna harbin duk kifin da ya matso, ban da irin nawa, su a ciki suke kwana. Na daɗe ina kallon waɗannan biyun suna raɓewa a bayan bututun famfo kamar 'yan haya da aka kora, abin yana ci mini rai.

Makon jiya Kombo mai nutso, wanda ke kamo kifin ado a Kigombe, ya kawo mini ɗaya a bokiti. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai ratsin kore, faɗinsa kamar farantin shayi. Na sa masa fitila mai ƙarfi, don ba ya rayuwa sai da haske. Fitilar tana ɗumama ruwa, ga zafin wannan wata, shi ya sa na cire murfin gilashin na kafa 'yar fanka tana hura saman ruwan. Yanzu ruwan yana raguwa sosai, amma wannan ba abin damuwa ba ne ga wanda teku ke bayan gidansa. Kowace safiya ina cike gurbin da ruwan teku mai kyau.

Damuwar ita ce ya ƙi zama. Na shirya masa rami a dutsen murjani na gaba, daidai inda nake gani daga kujerata. Na ajiye shi da yamma, da safe na same shi a jikin gilashi. Na mayar da shi, ya koma bayan dutse. Ba a ganin tafiyarsa, sai dai a ga ya sauya wuri. Kombo ya ce muddin bai kafa ƙafa ba, ba zai ci ba, in kuma ya mutu a ciki zai ɓata ruwan ya tafi da kifayen. Ya ba ni zuwa faɗuwar damina. In bai zauna ba zai zo ya mayar da shi inda ya ɗauko shi.

Ba na so a mayar da shi, Mwantumu. Ki taya ni addu'a.

Naki tsoho,
Hemedi Mbwana

*

Uvinza
Laraba, 23 ga Janairu

Kakana angona,

Na durƙusa na gaishe ka. Na ji daɗin labarin gwiwa, ban ji daɗin na numfashi ba. Ni lafiya ƙalau, sai ruwan sama da ya hana mu shanya.

Na karanta wasiƙarka har sau biyu, kuma wuri ɗaya ne ya tsaya mini. Ka ce numfashi ba ya kai ka bakin titi, a ƙasa kuma ka ce kowace safiya kana cika akwati da ruwan teku. Wato kai ne kake sauka gangaren nan mai santsi da jarka? Kaka, da hankalinka? In ka zame a can wa zai gan ka, ƙaguwa? Ni ban shirya takaba ba, ko sadakina ba ka gama biya ba.

Ina roƙonka ka bar Kombo ya ɗauki abinsa. Kifayenka sun yi shekaru a bayan bututu ba su kai ƙara wurin kowa ba. In kuma lallai sai fure, a kasuwar Ngamiani ana sayar da na roba, ba ya tafiya ko'ina.

Na ba wani direba ƙullin busassun ƙananan kifi na Kigoma ya kai maka. Na ci ne, ba na sakawa a gilashi ba. Ka ce wa Bi Tatu ta soya maka da kwakwa. Ka riƙa shan ƙwayar hawan jini bayan kunu, ba kafin ba.

Taka,
Mwantumu

*

Chumbageni, Tanga
Alhamis, 7 ga Fabrairu

Mwantumu,

Yau Alhamis. Jikin ba laifi, sai dai abinci ba ya shiga sosai saboda zafi. Kifin da kika aiko ya iso, na gode, Allah ya yi miki albarka. Bi Tatu ta cinye rabi da sunan ɗanɗana gishiri.

Kin yi mini faɗa a kan laifin da ban yi ba. Ni da gangaren teku rabonmu tun kafin rasuwar matata Bi Shamsa. Kombo ne ke kawo jarkoki a bayan babur, daga can wajen tsibiri inda ruwa ya fi tsabta, ya jera mini su a baranda. Nawa kawai in ɗiba da moɗa in zuba. Maganar furen roba kuwa na yafe miki, don yarinta ce.

Labarin ba daɗi. Furen ya zagaya akwatin kaf. Ya hau gilashi, ya sauka yashi, wata safiya na same shi dab da bakin famfo, saura kaɗan ya ja shi. Na naɗe bakin famfon da tsumman gidan sauro. Kombo ya zo ya ga ina mayar da shi gaba da cokalin katako, ya ce, “Mzee, dattijona, in kai ne ake ɗauka kullum ana sauya maka ɗaki, za ka zauna?” Na ga gaskiyarsa, na daina taɓa shi. Amma barin nasa bai sa ya zauna ba. Ya tsuke ya koma kamar murfin kwalba, koren ya dushe, bakinsa a sake. Na miƙa masa ɗan jatan lande a kan tsinke, ya riƙe kamar zai ci, sai ya sake shi. Kifayen ma sun rage wasa.

Mun zauna da Kombo mun bi komai ɗaya bayan ɗaya. Haske akwai. Zafi na sa hannu na ji, bai wuce na teku ba. Famfo yana aiki, in an ɗauke wuta ina motsa ruwan da ludayi har a dawo da ita. Kombo ya ce abin da ya rage kawai kewar gida ce, maganinta kuwa sabon ruwan teku, in ƙara yawan wanda nake zubawa. Dā can da ina da ƙarfi nakan kwashe rabin ruwan in zubar in sa sabo. Yanzu bokiti ya fi ƙarfina, sai dai cikon. Ina yin cikon safe da yamma, ban taɓa bari ya sauka daga layin da na ja da alli ba.

Ina zama a gabansa bayan la'asar ina masa magana. Kada ki rubuta wannan a katin asibiti.

Wasiƙunki duk magani ne da faɗa. Ni ban taɓa zuwa Uvinza ba, a taswirar makaranta kawai na san ta, ɗigo a kan layin jirgi. Ki rubuto mini abin da kike gani ta tagarki, da abin da mutane ke yi, don in san inda zan ajiye ki in na tuna ki.

Hemedi

*

Uvinza
Lahadi, 24 ga Fabrairu

Kaka,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta yi kwanaki a hanya, sai shekaranjiya ta iso. Da na ji shiru na ɗauka maganar furen roba ce ta ɓata maka rai ka yi yaji. Har na kira wayar Bi Tatu, ta ce lafiyarka lau, kana nan kana hira da ruwa. Ka yafe mini faɗan jarka. Amma maganar rashin cin abinci ban yafe ba.

Ka ce in ba ka labarin taga. Ta tagar ɗakin allura ina hango kogi, da tsaunin da ke bayansa, da filin gishiri. Nan garin kowa da gishiri yake ci. Ruwan gishiri ne ke fitowa daga ƙasa, sai a tura shi cikin wasu faffaɗan kududdufai marasa zurfi a bar wa rana. Rana ta shanye ruwan, gishirin ba ya zuwa ko'ina. In ya ja baya a ƙaro wani ruwan gishirin a kai, rana ta sake shanyewa, haka haka har ya yi kaurin da in ka sa ƙafa sai ta yi maka zafi. Da rani rabin masu zuwa wurina masu tsagaggiyar dunduniya ne. Akwai wata tsohuwa, Mama Ntibagomba, da ke cewa in shafa mata man a hankali don ƙafar ta fi ni shekaru.

Yanzu kuwa damina ce, aikin ya tsaya. Ruwan sama yana sauka a kududdufan ya tsinka abin da rana ta tara, ma'aikata suna zaune a gindin mangwaro suna zagin hadari. Ni kaɗai ce a garin nan nake murna da ruwa, don layin ƙafafu ya ragu.

Ga albishir. Hutun Mauludi ya haɗu da na Ista bana, na roƙi babbar nas ta ba ni kwanakin. In Allah ya yarda zan hau jirgin ƙasa zuwa birnin Dar, in shiga mota in iso ranar Mauludin ko washegari. Ka tanadar mini halawa da gahawa. Zan ga wannan kishiyar tawa mai yatsu da idona, in kuma na tarar ka rame, ita zan kama.

Taka,
Mwantumu

*

Chumbageni, Tanga
Asabar, 8 ga Maris

'Yar albarka,

Yau Asabar, kuma na ci abinci har na nemi ƙari. Ƙafa ta ɗan kumbura da yamma, ba wani abu ba. Labarin zuwanki ya fi mini ƙwayar asibiti.

Na karanta wasiƙarki a baranda, jarkokin Kombo suna jere a gabana. Da na zo wurin kududdufai na yi dariyar Mama Ntibagomba, na wuce, har na kai ƙarshe. Sai na tashi in yi cikon yamma. Na ɗebo moɗa, na ɗaga hannu zan zuba, fanka tana hura mini fuska, sai na tsaya. Na ajiye moɗar na koma na sake karanta wurin.

Mwantumu, ashe filin gishiri na buɗe a falona. Fanka da fitila suna shan ruwa su bar gishiri, ni kuma safe da yamma ina ƙaro wani gishirin a kai. An koya mana wannan a aji, da faranti a bakin taga, na kuma ci jarrabawar. Amma wanda aka haifa a bakin teku ba ya kawo wa ransa cewa ruwan teku zai cuci ɗan teku. Na ɗanɗana na jarka, na kurkure baki, na ɗanɗana na akwati. Na akwatin har ɗaci yake. Sai a lokacin na lura da farin ɓawon da ya taru a gefen gilashi, wanda nake gogewa kullum ina cewa ƙura ce. Bawan Allah ba ƙin ramina yake ba, wurin da ruwa bai yi masa zafi ba yake nema, babu kuwa irin wurin a ciki.

Akwai ganga a bayan gida mai ruwan sama na ƙaramar damina, a rufe take, da shi nake dafa shayi. Na tace shi da farin ƙyalle na fara zubawa. Ba da yawa ba, don in aka sauya masa ruwa farat ɗaya shi ma kisa ne. Kofin gahawa nake ɗiba, in tsiyaya a kusa da famfo, in jira, in an jima in ƙara. Nakan kuma rage ɗan na ciki da moɗa in mayar da na sama a madadinsa.

Bi Tatu ta shigo da kunu ta same ni a kai. Ta ajiye kwanon ta riƙe haɓa, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin an shayar da ɗan teku ruwan shayi ba, tsufa ya fara taɓa ni, za ta kira ki. Na ce ta ɗanɗana. Ta ƙi, ta ce ba za ta sha wankan kifi ba. Na tambaye ta, in miyarta ta ƙafe a wuta, ruwa take ƙarawa ko wata miyar mai gishiri? Ta ce kada in sa miyarta a cikin wannan shirme. Ta fita, amma ba ta kira ki ba.

Kombo ya fi ta wuya. Ya zo da sababbin jarkoki, na ce ya ajiye ba yanzu ba. Ransa ya ɓaci, ya ce shi ya shiga jirgi tun duhu ya ɗebo mini ruwan da ko a otal ba a samu, ni kuma na zaɓi na indararo. Ya ce ya sha ganin yadda ruwan kogi ke kashe murjani in an yi ambaliya, kuma gaskiya ya faɗa. Na ba shi cokali biyu, ɗaya daga jarkarsa ɗaya daga akwati. Ya ɗanɗana na biyun ya tofar ta taga. Sai ya ce, “To ai kai ka dafa shi, Mzee.” Na ce ni da kai muka dafa. Ya yi dariya ya sha gahawa. Amma bai janye maganarsa ba, ya ce hadari ya fara haɗuwa ta kudu, in ruwa ya sauka furen yana yawo zai zo da bokiti.

Har yanzu bai zauna ba. Yana jikin gilashin baya. Sai dai jiya na ga bakinsa ya rufu, yatsun kuma sun ɗan cika. Ina ɗanɗana ruwan kowace safiya kamar mai dafa abincin biki.

Wataƙila ki bar Uvinza kafin wannan takarda ta iso. In ta same ki, ki taho da rigar ruwa.

Hemedi

*

Chumbageni, Tanga
Lahadi, 23 ga Maris

Mwantumu,

Yau Lahadi. Na kwana lafiya, tarin ya ɗan dawo saboda sanyin ruwa, na sha citta ya lafa.

Ya zauna.

Ranar Litinin da ta wuce na ga ya sauko daga gilashi ya shiga wani tsagi a gefen dutsen hagu. Ban gaya wa kowa ba, don ya sha yi mini haka. Talata yana nan. Laraba yana nan, ya cusa ƙafar can ciki inda ba a ganinta, ya buɗe har ya fi yadda aka kawo shi, koren ya fara dawowa daga bakin yatsu. Na miƙa masa jatan lande. Ya naɗe shi a hankali ya kai baki, ina tsaye da tsinke a hannu har gwiwa ta tuna mini da kanta.

Ramin da na shirya masa a gaba ko kallonsa bai yi ba. Inda ya zaɓa yana fuskantar bango ne ta wajen taga, daga inda nake zama sai gefen yatsunsa kawai ake gani. Na roƙi Bi Tatu ta taya ni jan kujera zuwa lungun. Ta ja tana mita, wai a gidan nan baƙo ne ke gaya wa mai gida inda zai zauna. Wurin ya matse, ƙafata tana taɓa kabad, amma iska tana shigowa, kuma na gano daga nan ana ganin masu wucewa a titi.

Kifayen sun yi kwana biyu suna zagaya shi kamar masu neman aure. Babbar, wato macen, ita ta fara taɓa shi da ciki ta gudu, ta dawo ta sake taɓawa. Ranar Mauludi da hantsi, ana ta buga gangar dufu a masallacin unguwa, na waiwaya na ga ta nutse a cikinsa sai kai kawai a waje. Namijin ya bi ta da yamma. Yanzu in na kai hannu kusa, macen sai ta fito ta cije ni. Shekarun nan duka ina ciyar da ita ba ta taɓa yi ba, sai da ta yi gida.

Damina ta sauka daren Juma'a. Jiya da safe Kombo ya zo da bokitinsa kamar yadda ya ce, a jiƙe. Na nuna masa lungun. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo, ya kaɗa ruwan da yatsa ya ga furen bai motsa daga wurinsa ba. Ya ce wannan ko da guduma sai dai a fasa dutsen. Bokitin bai koma wofi ba, Bi Tatu ta zuba masa shinkafar Mauludi a kwano ta saka a ciki. Yana fita na ji yana gaya wa mai shagon kusa cewa shi ya daɗe da zargin gishiri ne. Na bar masa.

Na sa an gyara miki ɗakin Bi Shamsa, an ɗaura sabon gidan sauro. Ranar Alhamis na sa farar riga na zauna a baranda har motocin Dar na yamma suka gama shigowa. Juma'a ma haka, jiya kuma ruwa ya hana ni zama a waje, sai na riƙa leƙe ta taga. Bi Tatu ta gwada wayarki, ba ta shiga. Ta ce da irin ruwan nan ƙila hanya ce, ko kuma an hana ki hutun. Na ce ko wanne ne, in dai kina lafiya shi ke nan. Ki rubuto da zarar wannan ta same ki, layi biyu ma sun isa.

Halawar tana nan a gwangwani, ba ta lalacewa da wuri. Na ci kaɗan daga gefe.

Yanzu an yi la'asar, ruwa ya tsagaita, ina lungu ina rubutu a kan gwiwa, su ukun suna gabana. Motar ƙarshe ta yau ta wuce ɗazu, na ga masu sauka a kwana. Ba ki cikinsu.

Naki tsoho,
Hemedi Mbwana